Gonar Bomo a Cikin Gwangwanin Fim

Kafin in buɗe gwangwanin fim, shinshina shi nake yi. In na ji warin tsami, irin na kamun da ya kwana uku, na san fim ɗin ya kama hanyar lalacewa, kuma babu maganin da zai tsayar da shi, sai dai a hanzarta kwashe abin da ke ciki. In na ji warin ɗakin da ya sha laima, fumfuna ce, ita ana iya goge ta. In ban ji komai ba, sai in jawo kujera, aiki zai zo da sauƙi. Shekara arba'in da 'yan kai ina wannan abu, tun ina ma'aikacin majigi a Samaru, har zuwa yau da nake da ɗan shago a unguwar PZ, tsakanin mai gyaran fanka da mai buga katin biki. Aikina shi ne in ɗauko hoto mai motsi daga tsohon fim ko tsohon kaset, in mayar da shi abin da za a kalla a waya ko a kwamfuta.

Ɗalibai kan shigo su tsaya a kaina su ce, "Baba, ai wannan ba wani aiki ba ne. Ka haska a bango, mu ɗauka da waya, an gama." Nakan ce su gwada. Majigi na sakin hoto goma sha takwas a daƙiƙa ɗaya, waya na ɗaukar talatin, lissafin ba ya haɗuwa, sai hoton ya fito yana ƙyafta ido kamar fitilar da batirinta ya yi sanyi. Tsakiya ya yi fari fat, gefe ya yi duhu. Wannan ma in fim ɗin ya yarda ya bi ta cikin injin ke nan. Fim ɗin da ya shekara hamsin a akwati ya riga ya tsuke, ya yi gautsi, 'yan ramukan da ke gefensa ba su ƙara dacewa da haƙoran majigi. Ka kunna, ka ji ƙaras ƙaras, bikin iyayen wani ya zama ɓarɓashi a cinyarka.

Da magana na fara, ba da gyara ba. A sashen wayar da kan manoma da ke Samaru aka ɗauke ni aiki, aka miƙa mini lasifika. Mukan loda majigi da janareta a mota mu shiga ƙauyuka, a nuna yadda ake sa taki ko feshin auduga, ni kuwa ina bayani da Hausa. Wani tsohon ma'aikacin rediyo ne ya horar da mu, kuma ƙa'idarsa ɗaya ce: faɗi abin da ke kan allo, kada ka ƙara, kada ka rage. In majigi ya lalace, ni ake aikawa da shi Sabon Gari wurin Oga Fidelis, wani mutumin kudu da ke gyara wa gidajen silima injina. Zaman jira a bencinsa ne ya sa na koyi sana'ar. Wata shida bai bar ni na taɓa fim ɗin kowa ba. Wani ɓataccen faifai ya ba ni, in yanka da reza, in kankare baki, in shafa gam, in haɗa, shi kuma ya zo ya ja da hannu biyu ya tsinke.

"Aboki, wannan hannu naka na mahauci ne," in ji shi. "Fim ba kilishi ba ne. Sake."

Ran da ya ja bai tsinke ba, sai ya ajiye shi gefe. Faifan wani fasto ya turo mini, ya tafi cin abinci.

Masu kawo aiki iri-iri ne, amma kusan dukkansu ƙaunar abin ce ta sa suka ɓata shi. Na ga wadda ta shafa wa faifai man gyaɗa don kada ya bushe. Na ga wanda ya ɓoye nasa a cikin silin saboda ɓarayi, zafin kwano na shekara ashirin ya dunƙule shi kamar sabulun salo. Kuma kowa na zaton zai ji murya. Waɗannan ƙananan fina-finai na gida, masu faɗin milimita takwas, yawancinsu ba su da sauti. Wani ɗan kasuwa daga Jushi, mutum mai furfura, ya zauna yana kallon mahaifiyarsa tana magana a allo, ya ce in ƙara murya. Na ce babu. Ya ce in dai ƙara. Na murɗa masa maɓallin har ƙarshe, don ya gani da kansa.

Shekarar da aka yi dogon yajin aiki a jami'a ita ce mummunar shekarata. Samaru ta yi tsit, malamai ba su da halin tuna tsofaffin fina-finai, kuma a shekarar ne wanda ke kawo mini ƙwan majigi daga Legas ya ce an daina samu. Guda ɗaya ya rage mini, na naɗe shi a auduga na ajiye. Sai na haɗa wani abin aiki da kaina: katako, fitilar caji a ƙasa, farin gilashi a kanta, kyamara a sama tana kallon ƙasa, faifai biyu a gefe da gefe da nake juyawa da hannu. In ja fim hoto ɗaya, in ɗauka, in ja, in ɗauka. Ƙaramin faifai na minti uku da ɗan abu yana ɗauke da hoto wajen dubu uku da ɗari shida. Babu haƙori ko ɗaya da zai taɓa fim, amma wuya da ido su ke biya. A shekarar na fara sa tabarau biyu, ɗaya a kan ɗaya.

Cikin damunar wannan shekara Mama Saratu ta shigo shagon, da gwangwani ƙulle a bakin zane. Tsohuwa ce mai kimanin shekara saba'in, tana haya a Jushi tare da 'yarta da jikoki. Mijinta, marigayi Yohanna, ya yi wa wani Bature malamin jami'a aikin kuku. Ran da Yohanna da ƙanensa Bulus suka raba gonar mahaifinsu a Bomo, Baturen ya bi shi da kyamara ya ɗauki abin, da zai bar ƙasar kuma ya bar masa faifan. Ba a rubuta komai a takarda ba. Yohanna na bakin aiki a gari, don haka Bulus ya ci gaba da noma ɓangarorin biyu, kowace kaka yana aika buhun masara Jushi. Yohanna ya rasu, Bulus ya rasu, dattawan da suka yi shaida duk sun rasu, buhu ya daina zuwa.

Iyakar tana nan, layin aduruku ne daga gindin wata ɗorawa, kowa ya san ta. Abin da ba a sani ba, wane ɓangare ne na wane. In ka tsaya a bakin tsohuwar rijiyar gonar ka fuskanci ɗorawar, ɓangaren dama yanzu yana bakin titi, inda ake ta gina ɗakunan haya na ɗalibai. Ɓangaren hagu kuwa ruwa ya zaizaye shi, rabinsa kwazazzabo ne. Ishaya ɗan Bulus ya ce na dama na mahaifinsa ne. Mama Saratu ta ce na mijinta ne, kuma a nan take so ta yi ɗaki biyu ta bar gidan haya. Mai unguwa ya sa musu ranar zama, Asabar ta sama.

"Malam, ni ban taɓa ganin abin da ke ciki ba," in ji ta. "Amma ina wurin ranan. Daga bakin rijiyan Baturen ya tsaya. Ka fito mini da shi kawai."

Na shinshina. Warin tsami ne, mai ƙarfi. Da na buɗe, fim ɗin ya kanannaɗe kamar busasshen ganyen mangwaro. Na gaya mata majigi zai cinye shi, sai dai in bi shi hoto bayan hoto. Ta ce duk yadda na ga ya dace.

A nan sai na yi bayanin abu ɗaya, don a gane kuskuren da na yi. Fim fuska biyu gare shi, ɗaya mai sheƙi, ɗaya marar sheƙi. Hoton yana kan marar sheƙin, don haka ita nake sa ta kalli kyamara, ya fi fitowa sarai. Amma in ka ɗauka ta wannan fuska, hoton a juye yake zuwa, kamar a madubi, dama ta koma hagu. Saboda haka in na gama, sai in danna wuri ɗaya a kwamfuta in juyo shi daidai. Na yi haka sau ɗaruruwa. Fim ɗin Mama Saratu kuwa ya ƙi kwanciya ta yadda na saba, saboda lanƙwasar da ya yi. Sai na kifa shi, fuska mai sheƙi ta kalli sama, na danne da gilashi. Ke nan hotunan da nake ɗauka daidai suke zuwa, ba su buƙatar juyi. Kwana tara na yi a sunkuye. A rana ta tara, da na haɗa hotunan, hannuna ya je ya danna wurin da ya saba dannawa.

Na duba aikin, ban ce ban duba ba. Rubutu ake nema a irin wannan, lambar mota, ko allon shago, ko rubutun riga, domin rubutu ba ya ɓoye juyi. Babu ko ɗaya da ke karantuwa a fim ɗin. Abin da ke akwai, a farkonsa, titin Samaru ne da wata motar kaya tana tafiya a hannun hagu. Da yaron yanzu ne, da ya tsaya ya ce mota a hagu kuma? Ni kuwa ina firamare ƙasar nan ta bar tuƙin hagu ta koma dama, na ga motoci a hagu da idona. Sai na ce a raina, kafin canjin ne, na wuce. Ban tambayi tsohuwar shekarar ba.

Ran Asabar muka taru a zauren mai unguwa, mu wajen goma sha biyu. Na ɗora kwamfuta a kan turmi. Kafin in kunna, mai unguwa ya dube ni.

"Malam Dauda, abin da za mu gani, shi ne abin da ke cikin gwangwanin nan?"

"Shi ne, ranka ya daɗe. Ban ƙara ba, ban rage ba."

Titi ya wuce, gona ta bayyana, ga ɗorawa a tsakiya. Ga samari biyu suna kafa rassan aduruku, Yohanna dogo da hular saƙa, Bulus gajere ba hula. Dattawa na can nesa a inuwa, ba a gane fuskarsu. Wata yarinya ta shigo ta miƙa wa Yohanna ƙwarya, ya sha, ya mayar. Mama Saratu ce, tana amarya. Sai kowannensu ya saɓa fartanya ya nufi ɓangarensa. Yohanna ya yi hagu.

Ishaya ya tafa hannu sau ɗaya. Mutum ne mai shekara arba'in da wani abu, mai gyaran babur a bakin titin Bomo. "To, Mama, ke kika kawo shaidan nan da kanki. Ni ban ce a kawo ba."

Ba ta dube shi ba. Ta ce in mayar baya, wurin ƙwaryar. Na mayar. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta ce in sake.

"Fuskan shi ne," in ji ta. "Amma hannun ba nashi ba ne. Yohanna bai taɓa karɓan abu a hannuna da hagu ba. Ni ma ba a haka aka rene ni ba, in miƙa wa maigida ruwa da hagu a gaban dattawa."

"Haba Mama," in ji Ishaya. "Abin shekara nawa? Wataƙila ciwon yatsa yake yi ranan. Ke kuma amarya, kunya ta ruɗa ki."

Aka yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba, irin wadda ake yi wa tsohuwa in ta rikice. Mai unguwa ya ce ya ga abin da ya gani, Asabar mai zuwa za a je gonar a kafa turaku. Ta ƙulle gwangwaninta, sai na ce ta bar mini shi kwana biyu.

Washegari a shago, duba gaskiyar bai ɗauke ni minti ɗaya ba. Na warware fim ɗin zuwa wurin fartanya, na riƙe shi a taga yadda hasken majigi zai ratsa shi, na sa gilashin ƙara girma. Yohanna ya yi dama. Na koma baya, ƙwarya na hannun damansa. Na koma farko, motar kaya na hannun dama. Na zauna na gyara kwafin, dannawa ɗaya ce. Daga nan na kulle shago na hau keke zuwa Jushi.

Na same ta tana tsince wake a tsakar gida. Na gaya mata komai a tsaye, yadda ya faru, da inda na kuskure. Ta saurara ba ta daina tsincewa ba.

"Wato ba idona ba ne."

"Ba idonki ba ne, Mama. Hannuna ne."

"Tun jiya nake tambayan kaina ko na fara mantuwa." Ta ture faifan waken. "Zauna, Malam, tsayuwa ba za ta gyara ba. Yanzu wa zai yarda da kai?"

Tambayar ke nan. Washegari muka je wurin mai unguwa, aka kira Ishaya daga garejinsa, ya zo hannu duk baƙin mai. Na maimaita bayanin, na nuna sabon kwafin. Ya kalla har ƙarshe, ya yi murmushi.

"Shekaranjiya hagu, yau dama. Jibi kuma sama Baba Yohanna zai yi? Ranka ya daɗe, mutumin nan a gabanka ya ce bai ƙara ba bai rage ba. Yanzu ya ce da yatsa ɗaya yana juya gona. To wa ya san wanda ya sa shi juya wannan?"

Ban ga laifinsa ba, da ni ne ma haka zan ce. Na fito da ainihin fim ɗin da gilashi na miƙa wa mai unguwa. Ya kanne ido, ya juya, ya miƙa wa liman, liman ya miƙa wa wani dattijon coci. Mutum a cikin hoton bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ban da haka, Ishaya ya karɓa ya kifa shi a hannunsa ya ce, "Ga shi, in na riƙe haka kuma hagu ne." Gaskiya ya faɗa.

"Malam Dauda," in ji mai unguwa, "a cikin kayan aikin naku, babu wanda ba a iya juya shi?"

Na ce akwai, majigi. Ramukan fim ɗin gefe ɗaya suke, haƙoran injin ma gefe ɗaya suke. In ka kifa fim, ramuka su koma inda babu haƙori, ba zai tafi ba. In ka ce za ka shigar da shi ta ƙarshe don ramuka su dace, mutane su fito kai a ƙasa suna tafiya da baya. Hanya ɗaya kawai yake karɓa. Amma na ce su sani, wannan fim ba zai fita daga majigi da rai ba. In an yi sa'a ya bi sau ɗaya. In ba a yi ba, ya tarwatse kafin a kai wurin fartanya, kuma daga nan babu sauran abin da za a gwada kwafina da shi, sai maganata, wadda sun riga sun ga darajarta.

Kowa ya dubi Mama Saratu. Shekara da shekaru faifan na cikin kwallarta, tare da kwanonin aurenta.

"In ya tsinke, shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan. Kwafi na nan, amma wannan da mijinki ya riƙe da hannunsa ba zai dawo ba."

Ta dubi gwangwanin. "Ni na ga mijina shekara talatin da takwas. Su ne ba su gan shi ba. A sa."

Kwana huɗu na yi ina shiri. Na sa faifan a babban gwangwani tare da ɗan tsumma mai laima a gefe, ba ya taɓa shi, don ya ɗan saki jiki. Na bi ramukan ɗaya bayan ɗaya da gilashi, inda ya yage na liƙa siririn tef na huda da allura, musamman daga wurin ƙwarya zuwa wurin fartanya. Na yi tunanin yanke wannan yanki in nuna shi kaɗai, sai na fasa, domin da na sa reza Ishaya zai ce na yi haɗi. Na wanke majigin, na sassauta abin da ke danne fim iyakar yadda zai yiwu, na warware ƙwan nan guda daga audugarsa.

Da hantsi ran Asabar aka toshe ƙofofin zauren da barguna da buhunan taki, aka rataya farin zanen gado. Wani mai aski ya ba da aron janareta. Mutane sun ninka na farko, har da waɗanda ba ruwansu, zafi kamar gidan burodi. Kafin komai na kira Ishaya, na ba shi farin bakin fim ɗin, wanda babu hoto a kai, na ce ya sa shi a kife. Bakanike ne, ya san haƙori. Ya gwada, ya sake gwadawa, ya leƙa ciki, ya juya shi ya ga ya zauna daram.

"Ka yarda?" in ji mai unguwa.

"Injin dai na yarda da shi," in ji Ishaya.

Na kunna. Hoton ya fito yana rawa, ja-ja, amma ya fito. Titi, motar kaya a hannun dama. Injin na ƙara irin wadda ban so, kamar ana taunar tsakuwa. Muna shiga gona fim ya tsinke. Aka yi salati, wasu suka kira sunan Yesu. Na kashe, na zare abin da ya tauna, wajen kamu biyu, na sake saƙalawa a cikin duhu da tocila a baki. Ishaya ne ya karɓi tocilar ya haska mini, yana kallon yatsuna, ba don taimako kaɗai ba.

Na sake kunnawa. An wuce kafa aduruku, ya tafi cikin abin da ya taune. Ga amarya da ƙwarya. Ta miƙa da dama, ya karɓa da dama. Ina jin 'yan gutsattsari na zubo mini a ƙafa. Ya mayar da ƙwaryar, ya goge baki, ya sunkuya ya ɗauki fartanya. Hoton ya yi tsalle, ya dawo. Bulus ya juya hagu. Yohanna ya juya dama, ya yi taku ɗaya, biyu, na ƙirga har shida, sai fim ya cije. Hoton ya tsaya cik, tsakiyarsa ya yi ruwan ƙasa, ya kumbura, ya huje, zanen gado ya koma fari. Kafin in kai hannu ƙwan ya yi fat ya mutu.

Aka yaye bargo ɗaya. Mai unguwa ya bi mutane da ido.

"Kowa ya gani?"

Aka amsa. Ya dubi Ishaya. Ishaya na tsaye da tocila a kunne a hannunsa, da rana tsaka.

"Na gani," ya ce. Can kuma ya ce, "Ban taɓa ganin babana da gashi ba."

Aka ɗunguma zuwa gonar. Mai unguwa ya tsaya a bakin rijiya ya fuskanci ɗorawa, ya nuna dama da sandarsa, aka kafa turaku huɗu, wani malamin makaranta ya rubuta takarda, aka sa hannu. Ni ban bi su ba sai daga baya, ina zaure ina tsince abin da ya zuba. Abin da ya rage a faifan bai kai rabi ba, shi ma a tattaune. Na zuba duka a gwangwanin, har da ɓarɓashin, na rufe, na kai mata can.

Tana zaune a kan bakin rijiyar, mutane sun fara watsewa. Ta karɓa, ta girgiza shi kusa da kunnenta, ya yi ƙara kamar ashana a kwali.

"Malam, da ban kula da ƙwaryan nan ba fa?"

"Da yau gonar ta Ishaya ce," na ce. "Kuma da ni na ba shi."

Ta dube ni. "To," in ji ta. Ta ƙulle gwangwanin a bakin zane, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta ƙwala wa Ishaya kira ya je titi ya tsayar mata da keke. Ya je.